Abin da aka tattauna kan faifan Concrete

Jama'a, ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan Concrete, faifan Pet Shop Boys, wato mawaƙan Ingila biyu masu kiɗan kwamfuta, Neil Tennant da Chris Lowe, wanda suka ɗauka a gaban 'yan kallo a Landan a 2006, tare da ayarin makaɗan BBC.

1. Kusan kowa ya ce kada a saurare shi da lasifikar waya. Wani ya fara jin sa ne cikin Keke daga Kawo zuwa Kasuwa, hayaniya ta haɗiye gogen Turawan gaba ɗaya. Sai da dare, da ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya ji har numfashin masu busa.

2. Kan ayarin makaɗan ne aka rabu. Wasu na ganin goge da kakaki sun ba waƙoƙin nauyi. Wasu suka ce sun sanyaya kiɗan kwamfuta, rawa ta gagara. Ni dai ina tare da na farko.

3. Masu situdiyo na Tudun Wada sun ba da shawara: mai son haɗa kalangu ko gurmi da kiɗan kwamfuta ya ba kowane makaɗi makirufonsa, a yi atisaye sosai kafin ɗauka.

4. Tafin 'yan kallo kuwa, an ce a bar shi a cikin faifan, kada a cire.