Wane suna za mu ba community policing da Hausa?

1/ Jama'ar Zango, assalamu alaikum. Ranar Asabar aka yi zama a unguwarmu a Aboabo, nan Kumasi, tsakanin 'yan sanda da limamai da masu unguwa, aka sa ni tafinta. Jami'in da ya yi jawabi ya yi ta nanata community policing. Duk sanda na zo kan kalmar sai in tsaya in yi dogon bayani. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce, "Ɗana, abin nan ba shi da suna ne?" Tun ranar nake nema.

2/ Abin da ake nufi: ɗan sanda ya san unguwa, unguwa ta san shi. A riƙa zama tare tun kafin ɓarna, a faɗa masa lungun da ake sayar da ƙwaya, shi kuma ya dawo ya ce ga abin da aka yi. Kamu da bincike suna hannun hukuma, ido da kunne na jama'a ne.

3/ Wasu sun ce 'yan banga. Wannan kam a'a. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon da ke Accra a 2019, majalisar Ghana ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga. Ba za mu laƙaba wa yaranmu sunan da zai kai su kotu ba. 'Yan sintiri ma bai cika ba, yawon dare kaɗai ya nuna.

4/ A rediyo ana jin 'yan sandan al'umma. Sunan mutane ne, ba sunan aikin ba, ya kuma bar mu a gefe muna kallo. Tsaron haɗin gwiwa kuwa, kunne ya saba jin sa in soja da 'yan sanda sun fita tare.

5/ Ni dai na tsaya a kan gayyar tsaro. Wanda ya tashi a karkara ya san gayya: ana gayyatar ka, ba tilasta ka ake yi ba, kowa da fartanyarsa, yau gonar wannan gobe ta wancan. Kuma ba a zuwa gayyar wanda ba a yarda da shi ba. Nan ne kalmar ta kama ni. Mutanen Asawase, nan Kumasi, ba su manta Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe matasanmu bakwai a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar haka ba. Uwar da ta rasa ɗanta, ba za ka ce mata ta zo ta zama idon hukuma haka kawai ba. Sai an je gida an gaishe ta, an saurare ta, sannan a yi gayya.

6/ Wata Hajiya ta ja hankalina cewa muna cewa "da gayya ya yi", wato da gangan. Gaskiya ne, Hajiya. Shi ya sa na sa gayya a gaba, ban ce tsaron gayya ba, don kada a ji kamar tsaron ƙeta.

7/ 'Yan uwa na Nima da Maamobi da Sabon Zango a Accra, ku gwada gayyar tsaro a bakin tsofaffi ku gaya mana. Ni a zama na gaba ita zan faɗa, in ga ko dattijon nan zai gyaɗa kai.