Sutudiyon haya a Gwarinpa, Abuja: in biya kuɗin shafin intanet ko in jira?

Mai Sutudiyo: Assalamu alaikum. Na gama gyaran ɗakin da zan riƙa ba masu ɗaukar hoto haya awa-awa. Wani mai zane ya nemi naira dubu 450, ya yi mini tambari da shafin intanet mai wurin kama lokaci. Kuɗin da ya rage ke nan, ga shi ban sayi fitila ta uku ba. In ba shi, ko in tsaya a Instagram tukuna?

Ɗan Jabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi rajistar sunan a CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Fara da wannan. Sai dai rajistar suna ba ta kare tambari, shi wurin rajistarsa daban, a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya.

Hajiya Mai Kwalliya: Ya ce shafi yake tambaya, kai kuma ka kai shi CAC. Ƙanena, mai hayarka mai kyamara ne, ba amarya ba. Ɗakin yake son gani babu kowa a ciki: tsawo da faɗi a mita, nisan silin daga ƙasa, faɗin takardar bango (wadda aka fi amfani da ita mita 2.72 ce), fitilu nawa kuma wane kamfani, ɗakin canza kaya, wurin ajiye mota. Rubuta kuɗin awa ƙarara. Wanda ya ga "tuntuɓe mu" wucewa yake.

Injiniya: Babbar masifar tana wurin adireshin shafin. A ce mai zane ya sayi adireshin .com.ng da imel ɗinsa, ya haɗa ma'ajiyar shafin da katinsa. Shekara ta zagayo, sabuntawa ta zo, wayarsa a kashe. Shafi ya mutu, ga adireshin a jikin allo da kati da rasit. Ka je wurin dillalin da NiRA, mai kula da adireshin .ng, ta amince da shi, su ce ba sunanka ke rajista ba. Wani ma sai ya dawo ya yanka maka kuɗi kafin ya saki. Tambarin kuma hoton JPG kawai ya ba ka, ranar buga babban allo hoton ya dusashe. Saboda haka ka sayi adireshin da kanka, da imel ɗinka. A rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa kalmomin sirri duka, da tambari a SVG ko PDF (irin fayil da ba ya dusashewa in an ƙara girma), kafin cikon kuɗi. Rabi a farko, rabi bayan miƙawa.

Baban Yara: Dubu 450 zalunci ne. Da dubu 120 ake haɗa shafi da manhajar WordPress.

Injiniya: Alhaji, na dubu 120 babu kalanda. Mutum biyu za su kama ƙarfe huɗu na Asabar, su haɗu a ƙofa da amarensu. Ana buƙatar kalandar da ke rufe lokaci da zarar an biya kafin alƙalami, ta bar minti 30 tsakanin masu haya don share ƙasa. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na cire kashi 1.5 da naira 100, iyakarsa naira 2,000.

Baban Yara: Mai gina shafi dole ya ce a gina shafi.

Hajiya Mai Kwalliya: Amare biyu a ƙofa ɗaya, ai sai a kira 'yan sanda kafin a kira mai hoto. Amma wani abu: kada mai zanen ya sa ka shafa launin tambari a bangon ɗakin. Filasha na dukan bango ya dawo, jan fenti zai rina fatar mutum da farin leshi. Fari ko ruwan toka a ciki, launinka ya tsaya a ƙofa. Hotunan shafin kuma a rage nauyinsu, faɗin pixel 1600 ya isa, in ba haka ba data za ta ƙare kafin su buɗe.

Ɗan Jabi: Ka sa wurin a taswirar Google, kyauta ne. Gwarinpa ba a gane gida da kwatance.

Mai Sutudiyo: Na gode. To fitilar fa?

Baban Yara: Fitila da wace wutar? Rubuta a shafin ko kuɗin awa ya haɗa da janareta, don nan rigima take. An ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wa zai sayi mai?

Ɗan Jabi: Tun da aka kai kuɗin wutar Band A (rukunin da ya fi samun wuta) naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, na'urar sanyaya ɗaki ce ke cinye ribar. Malam, layinku wane rukuni ne, kuma mita taka ce kai kaɗai ko ta tarayya ce da sauran shaguna?