Zarnin turken raguna ya ishe ni, ko daga abincin ne?

Baban Sadiya, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Raguna huɗu na turke a bayan gida, Balami biyu, Uda biyu, na sayo su a kasuwar dabbobi ta Zango saboda Babbar Sallah. Sati uku ke nan na ƙara musu tunkuza, kwano guda kullum, a kan harawar gyaɗa da kowar wake, don su yi saurin cika. Tun daga nan wurin ya canza. In na shiga da asuba zarnin har hawaye yake sa ni, ƙasan turken kullum a jiƙe, bokitin ruwansu ba ya kai azahar. Jiya maƙwabcina ya yi mini magana, wallahi na ji kunya. Kuma ƙibar da na gani ba ta kai kuɗin da nake zubawa ba. Ciwo ne ko abincin ne?

Abu Hafsat, Kawo:
Wa alaikumus salam Baban Sadiya. Abincin ne, in sha Allahu. Tunkuza furotin ɗinta ya haura kashi 40 cikin 100, ragon turke kuwa kashi 12 zuwa 14 ya ishe shi a duk abincinsa. Harawar gyaɗa da kowar wake ma ai ba baya ba ne wajen furotin, ka ga ka tara musu abu ɗaya sau uku.

Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin rago su ke farfasa furotin ya koma amoniya, wato sinadarin nan mai zarni. In sun samu abinci mai ba da ƙarfi, kamar dusar masara, sai su kama amoniyar su gina jikinsu, ragon ya narkar da ƙwayoyin ya yi nama. In ba su samu ba, rarar ta shiga jini, hanta ta mayar da ita yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. Shi ya sa suke ta shan ruwa. Da fitsarin ya haɗu da kashi a ƙasa sai yuriyar ta sake komawa amoniya ta tashi. Wannan zarnin da ke sa ka hawaye, kuɗin tunkuzarka ne. Rage ta sosai, ka cike gurbin da dusa, amma sannu a hankali cikin mako guda.

Maman Walid, Tudun Wada:
Alhaji ka nemo 'ya'yan gawo ka riƙa haɗa musu kaɗan. Ɗan baurin nan nasu yana riƙe furotin kada ya watse a tumbi, sai abin da zai fita ya fi bin kashi, ba fitsari ba. Ni na fi son haka, don takin nake kai wa gonarmu ta Rigachikun, na kashi kuwa yana daɗewa a ƙasa. Ka kuma shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙarƙashinsu, ka riƙa kwashewa.

Ɗan Fulani, Mando:
A yi hattara da dusar dai. Bara na cika wa wani rago nawa ita, tsakuwa ta toshe masa mafitsara, yana ta nishi yana ɗigar da fitsari, dole na yanka shi saura kwana tara Sallah. Kada harawa ta yanke, kada ruwa ya yanke.

Baban Sadiya, Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Ɗan Fulani, Allah ya mayar da alheri. Na fara rage tunkuzar yau. Maman Walid, a ina ake samun gawon a cikin gari?