Taƙaitawar shawarwari kan yadda jiki ke sarrafa abinci

A wata tattaunawa da wasu ma'aikatan lafiya suka yi da 'yan kasuwa Hausawa a Agege, an fi daɗewa a kan batun sitaci, ganin cewa yawancinmu a Legas da burodi da shayi mai zaƙi muke karya kumallo. An bayyana cewa jiki yana mayar da burodi da tuwo da shinkafa zuwa gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, sannan sinadarin insulin da jiki ke samarwa ya taimaka wa gulukos ɗin ya shiga ƙwayoyin jiki. Hanta tana adana kimanin giram 100 a matsayin gilaikojin, wato gulukos na ajiya, tsoka ma tana riƙe nata, rarar da ta wuce buƙata kuwa kitse take zama. Saboda haka mai zaman shago wuni guda bai kamata ya ci kamar ɗan dako na kasuwar Mile 12 ba.

Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4 kacal, amma ba a ce a guji mai gaba ɗaya ba, domin bitamin A da D da E da K sai da shi hanji ke tsotse su yadda ya kamata.

An yaba wa garau-garau, tunda wake yana cike gurbin laisin, wani ɓangare na furotin da shinkafa ba ta da shi da yawa. Shawarar da na ga za ta fi yi mana wuya ita ce raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da zogale, alhali lemon zaƙi yana ƙara ta.