Wai wasannin rubutu sun fi na yanzu buɗe kan yaro?

Baffa Sani: Jiya na ga autana ya duƙufa kan waya awa biyu bai ce uffan ba, sai Zork, wani tsohon wasan kwamfuta, ya faɗo mini a rai. Ba hoto, ba sauti, allo baƙi ƙirin sai rubutu. Kwamfuta ta ce ga ka a fili kusa da wani farin gida, ga akwatin wasiƙa a gabanka. Sauran aiki naka ne. Ni dai na ce wasannin nan sun fi na yanzu sa yaro tunani. Mai ja ya fito.

Hadiza: Na fito, Baffa. Rashin hoton nan ba hikima ba ce, rashin hali ne. Adventureland da Scott Adams ya yi a 1978, a kan kwamfutar TRS-80 mai 'yar ƙwaƙwalwa ta kilobait 16 kacal yake aiki. A ina za a cusa hoto? Roberta Williams na sa zane a Mystery House a 1980, masu saye suka yi caa a kansa.

Malam Idi: Hajiya, a bi a hankali. Kakansu duka shi ne Colossal Cave Adventure. Will Crowther ya rubuta shi wajen 1976, shi kuwa mutum ne mai shiga koguna da gaske, har tsarin wasan daga kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka ya ɗauko shi. Don Woods ya faɗaɗa shi a jami'ar Stanford a 1977. Akwai wani wuri a ciki da duk lungun da ka shiga bayaninsa iri ɗaya ne da na baya. Dabarar ita ce ka riƙa yar da kayanka ɗaya ɗaya, makulli a nan, kwalba a can, don ka gane inda ka taɓa bi, kana zana taswira a takarda. Babu wanda ya gaya mana haka. Littafin lissafina guda ya ƙare a kan taswirar nan, na sha bulala a kai ma.

Hadiza: Wannan na yarda tunani ne. Amma ku faɗi gaskiya, rabin wahalar ba canki-canki ba ce? Ka san abin da za ka yi sarai, injin ya ƙi ji saboda ba kalmar da yake so ka rubuta ba. Na farkon ma kalma biyu kawai suke ganewa. Kuma in tunani ya isa, me ya sa Infocom, kamfanin da ya fitar da Zork, ya riƙa sayar da ɗan littafin amsoshi mai ɓoyayyen rubutu, sai ka goga wani alƙalami amsar ta fito?

Baffa Sani: Mu ba mu taɓa ganin littafin nan ba. Ƙamus muke ajiyewa a gefe. Turancin da na koya a haka ya fi na aji.

Hadiza: To ai ƙamus ɗin ya kamata ka yi wa godiya.

Baffa Sani: Hadiza kenan! Ba ki taɓa shiga ƙarƙashin farin gidan nan na Zork fitilarki ta mutu ba, aka ce dodo na gab da cinye ki a duhu. Ba a nuna mana shi ba ko sau ɗaya, kowa da irin nasa a kai. Rannan ina tsaka da karantawa aka ɗauke wuta, har ƙara na yi.

Usman: Yaya Sani, kewar ƙuruciya ce ke damunka. Wasannin ba su mutu ba fa. An rufe Infocom a 1989, amma tun 1995 ake gasar sababbi duk shekara, kyauta ake buga su, a waya ma suna buɗewa. Yaushe rabon da ka taɓa ɗaya?

Baffa Sani: Hidima ta yi yawa.

Usman: Ga gwaji mai sauƙi. Ka sa wa autan Zork ranar Asabar, ka ba shi biro da takarda. In ya kai rabin awa bai ajiye ba, na sallama.

Malam Idi: Da sharaɗi ɗaya: kada ya nemo amsa a intanet.

Baffa Sani: Na yarda. Usman, turo mini inda zan same shi.