Yaro mai galahanga da kallon fuska: me ya sa ake cewa baki yake kallo?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. An ce yara masu lalurar galahanga, wato otizim, sun fi kallon bakin mai magana su bar idonsa. Shin shi ya sa suke rikita fuskar tsoro da ta mamaki? Kuma ta yaya ake gane inda yaro ke kallo?

Dakta Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Murna a baki take bayyana, shi ya sa ba ta cika ba su wuya ba. Tsoro da mamaki kuwa duk baki a buɗe yake, babban bambancin yana sama: mai tsoro girarsa kan ɗaga ta matso juna, ta mai mamaki ta ɗaga kawai kamar baka. Wanda ya tsaya a baki zai iya rikicewa. A 2002 Ami Klin da abokan aikinsa a Amurka sun gano matasa masu lalurar ba sa kallon ido kamar sauran. A 2013 kuma shi da Warren Jones suka nuna cewa jariran da aka tabbatar musu da ita daga baya, kallon da suke yi wa idon mutane ya yi ta raguwa tsakanin wata 2 zuwa 6 da haihuwa. Amma fa ba kowane yaro ne ke komawa kan baki ba.

Malam Bashir: Batun awo: ana zaunar da yaro kamar santimita 60 daga allon kwamfuta. Na'ura na haska idonsa da hasken da ba a gani, kyamara na bin ƙwayar idon. Da farko sai ya bi ɗigo 5 ko 9 a kan allo don a saita ta. A nan ake yawan ɓata aiki. Idan saitin ya goce kaɗan, kallon ido sai a lissafa shi a hanci. Tabarau da yawan motsa kai ma suna yanke awon. A yi amfani da bidiyon mutane suna hira, domin hoto tsayayye kan ɓoye bambancin masu lalurar da sauran yara.

Hajiya Binta: Malama, don Allah a lura da dalili. Wani yaron kallon ido takura shi yake yi, sai ya kau da kai. Wani ba ya gudunsa, bai dai ɗauki ido a matsayin wurin samun labari ba. Na farkon idan aka riƙe haɓarsa ana cewa "kalle ni", hankalinsa zai tashi, maganar ma ba zai ji ba. Ki zauna gefensa, ki ɗaga abin wasan da yake so kusa da fuskarki, ki faɗi sunan yanayin a fili: "Ka ga na ji tsoro." Idan ya saci kallo sau ɗaya, ki ci gaba da wasan, kada ki tsare shi da ido.