Bidiyon HD ya ƙi buɗewa a na'urar faifai: yaya ake juya shi?

Sabon_Edita:

Assalamu alaikum, masana. Ina da bidiyo iri biyu da ake so a kalla a talabijin ta na'urar faifai, ba ta kwamfuta ba. Na farko MP4 ne daga kyamara, 1920x1080, firam 50 (wato hotuna 50) a daƙiƙa, tsawonsa minti 130. Na biyu MKV ne, 1920x800, firam 23.976, H.265, sautinsa AAC. Na'urorin kuma biyu ne: tsohuwar DVD mai tambarin DivX a gabanta, da Blu-ray.

Na yanko guntu daga kowanne na ƙona a DVD-R don gwaji. Na'urar DVD ta nuna folda amma babu komai a ciki. Blu-ray ta ƙi MKV ɗin, MP4 ɗin kuma ta buɗe amma yana ta sarƙewa. Shin akwai dabarar da za ta sa na'urar DVD ta nuna HD? In babu, da wane saiti zan yi kanbatin don kada hoton ya lalace? Sannan kwamfutata DVD kaɗai take ƙonawa, to akwai hanyar sa HD a faifan DVD don Blu-ray ɗin?

Injiniya_MPEG:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko amsarta a'a. Na'urar DVD iyakarta 720x576 a tsarin talabijin na PAL, ko 720x480 a na NTSC. Ko da tana da HDMI an rubuta 1080p a jikin kwalinta, faɗaɗa ƙaramin hoto take yi kafin ta miƙa wa talabijin. Abin da ke fassara bidiyo a cikinta bai san H.265 ba, kuma ba zai ɗauki layi 1080 ba. Foldar da ka gani wayam kuwa, na'urar ce take ɓoye duk fayil ɗin da ƙarshen sunansa ba ya cikin waɗanda ta sani.

Abin da kowace na'urar DVD take karantawa shi ne DVD-Video: hoto MPEG-2, sauti AC-3 ko PCM a 48 kHz, a cikin foldar VIDEO_TS mai fayilolin VOB da IFO da BUP. Gudun hoto, wato yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa, ba ya wuce 9.8 Mbps, hoto da sauti a haɗe ba sa wuce 10.08. Amma a faifan da aka ƙona a kwamfuta kada ka kusanci wannan iyaka, tsaya a 8000 kbps, domin tsofaffin na'urori suna tuntuɓe in gudu ya yi yawa.

Fara da lissafin wuri. Faifai mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar 4.7 GB, wato kilobit 37,600,000. Minti 130 daƙiƙa 7,800 ke nan. Ka raba, za ka samu kusan 4,820 kbps. Cire kashi 4 cikin 100 na tsarin faifai, saura 4,630. Cire 192 na sauti, hoto ya tashi da kusan 4,400. Ga MPEG-2 wannan tsaka-tsaki ne: in mai magana ne a zaune ya wadatar, in kyamara na yawo ko haske ya yi ƙaranci za ka ga hoton na fashewa murabba'i-murabba'i. Faifai mai shimfiɗa biyu, 8.5 GB, zai ba ka kusan 8,200. Ni dai a ganina raba bidiyon a faifai biyu masu shimfiɗa ɗaya ya fi kwanciyar hankali, don ba kowace tsohuwar na'ura ce ke jituwa da mai shimfiɗa biyu ba.

Yanzu maganar firam, inda aka fi yin ɓarna. PAL firam 25 ne, amma kowane firam ana iya raba shi rabi biyu, layukan mara da na cika, a nuna su bi da bi, sai a samu motsi 50 a daƙiƙa. Bidiyonka na kyamara ya dace da wannan sosai. In ka bar manhaja ta zubar da rabin firam ɗin ta koma 25 zalla, motsi zai rasa santsinsa. A ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake ba umarni a rubuce, ga yadda ake yi:

`ffmpeg -i kyamara.mp4 -target pal-dvd -vf "scale=720:576:in_color_matrix=bt709:out_color_matrix=bt601,interlace=scan=tff" -flags +ilme+ildct -aspect 16:9 -b:v 4400k -maxrate 8000k -ac 2 -b:a 192k fita.mpg`

Lura da abu biyu a layin nan. HD da ma'aunin launi BT.709 yake aiki, DVD da BT.601; in ba a juya ba, ja da kore suna ɗan kaucewa, an fi ganewa a fatar mutum da ciyawa. Sai `-aspect 16:9`: hoton 720x576 a matse ake ajiye shi, wannan alamar ce ke gaya wa na'ura ta buɗe shi. In babu ita mutane za su fito dogaye sirara. In kana da lokaci ka yi zagaye biyu da `-pass 1` da `-pass 2`, girman fayil zai fi zama daidai da lissafi.

MKV ɗin hanyarsa daban. Faɗinsa ya fi 16:9, don haka kada ka ja shi ya cika allo. Rage shi zuwa 720x428, ka cike sama da ƙasa da baƙi layi 74-74: `scale=720:428` sannan `pad=720:576:0:74`. Firam 23.976 kuma ana ɗan hanzarta shi ne ya kai 25, da `setpts=PTS/1.0427` a hoto da `atempo=1.0427` a sauti. Haka aka daɗe ana yi wa finafinai a PAL. Na awa biyu yakan ragu da kusan minti biyar, kuma ido ba ya kamawa. Abin da ido ke kamawa shi ne in manhaja ta maimaita firam ɗaya kowace daƙiƙa don cike gurbi, sai ka ga hoto na ɗan tsayawa lokaci-lokaci. In akwai rubutun fassara, shi ma sai an gyara lokacinsa da wannan ma'auni. Kuma duba da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, ko fayil ɗin HDR ne, wato mai faɗaɗɗen ma'aunin haske. In shi ne, sai an sauko da haskensa da `zscale` da `tonemap`, in ba haka ba launi zai fito a koɗe.

Fayil ɗin MPG ba faifai ba ne tukuna. Ka ba manhajar dvdauthor ko DVDStyler su gina VIDEO_TS, sannan manhajar ImgBurn ta ƙona da tsarin ISO9660 haɗe da UDF 1.02, a gudun 4x ko 8x, kuma a rufe faifan.

Hajiya_HD:

Malam Injiniya ya gama da ɓangaren DVD. Ni zan ɗauki tambaya ta uku, kuma amsarta e.

Tsarin AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fitar a 2006, yana ba da damar sa H.264 mai cikakken HD a faifan DVD na yau da kullum, na'urar Blu-ray ta karanta. Duba gaban na'urarka ko littafinta ka ga ko akwai tambarin AVCHD. Mafi yawansu suna da shi, amma ba duka ba.

Dalilin da ya sa ta ƙi MKV ɗinka: Blu-ray na asali MPEG-2 da VC-1 da H.264 ya sani, 8-bit. H.265 sai da Ultra HD Blu-ray ya zo a 2016. MP4 ɗin kuma yana sarƙewa ne saboda 1080 mai cikakken firam 50 ba ya cikin ƙa'idar Blu-ray, ga shi kuma kyamarori sukan ɗauke shi da gudun da ya wuce 18 Mbps da aka iyakance wa AVCHD a kan faifan DVD.

Girman da aka yarda da su ƙayyadaddu ne: 1920x1080 a 23.976 ko 24 ko 50i ko 59.94i (i na nufin rabi-rabin firam), da 1280x720 a 23.976 ko 24 ko 50 ko 59.94. Saboda haka MKV ɗin ba ya buƙatar a taɓa gudun firam ɗinsa, baƙi kawai za ka ƙara, layi 140 sama 140 ƙasa, ya cika 1080. Kada ka tsallake wannan. 1920x800 kwamfuta za ta nuna shi lafiya lau, na'urar faifai kuwa ko ta ƙi ko ta miƙe hoton. Na kyamara kuma zaɓi biyu ne, 1080i50 ko 720p50. Da minti 130 a faifan 8.5 GB kana da kusan 7,600 kbps, domin M2TS, fayil ɗin da AVCHD ke amfani da shi, ya fi VOB cin wuri, sai ka bar masa kamar kashi 7. A wannan gudun 720p50 zan zaɓa ba tare da shakka ba. Layi 720 mai tsabta ya fi 1080 da aka matse har ya dagule.

Saitin x264, manhajar da ke matse bidiyo zuwa H.264: `--bluray-compat --level 4.0 --vbv-maxrate 15000 --vbv-bufsize 15000 --ref 4`, da `--keyint 24` ga fim ko `--keyint 50` ga na kyamara, launi BT.709, hoto yuv420p. Waɗannan na VBV su ne ke hana gudu yin tsalle ya wuce abin da faifai zai iya kawowa. Mafi yawan daskarewar da ake ɗora wa faifai daga rashinsu take. Ran da ka samu abin ƙona BD-R sai ka koma mataki 4.1 da `--slices 4`, iyaka ta tashi zuwa 40 Mbps.

Sautin AAC ka mai da shi AC-3 a 48 kHz, 448 kbps in 5.1 ne. Sai ka zuba hoto da sauti a tsMuxeR, ka zaɓi fitarwa ta AVCHD, zai gina foldar BDMV. A ImgBurn dole tsarin fayil ya zama UDF 2.50, in ka bar shi a 1.02 na DVD, na'ura za ta ɗauke shi faifan ajiya ne kawai ko ta ce babu komai.

Gargaɗi ɗaya: rubuta AVCHD ɓaro-ɓaro a kan faifan. Masu ƙera kyamarori da kansu sun yi kashedi kada a sa irinsa a na'urar DVD zalla, don tana iya ƙin fito da shi.

Ɗan_Xvid:

Duk abin da manya suka faɗa haka yake, sai dai tun da tsohuwar na'urar tana da tambarin DivX, akwai gajeriyar hanya ba sai an gina VIDEO_TS ba. AVI mai Xvid, faɗi kada ya wuce 720: 720x400 ga na kyamara, 720x304 ga fim. A saitin Xvid a kashe zaɓin Qpel da GMC, tsofaffin na'urori da yawa ba sa iya su. B-firam ɗaya ya isa. Sauti MP3 mai tsayayyen gudu, domin mai hawa da sauka a cikin AVI shi ke sa baki ya riga murya. Kowane fayil ya tsaya ƙasa da 2 GB. In da `-c:v mpeg4` na ffmpeg ka yi, ƙara `-vtag XVID`, in ba haka ba zai sa wa fayil alamar FMP4, na'ura ta ƙi shi alhali abin da ke ciki ta san shi sarai.

Rubutun fassara SRT ne mai suna ɗaya da bidiyon. Amma haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗannan na'urori ba su da su, sai su fito da alamar tambaya ko wani shirme. In rubutun na da su, a manna shi a jikin hoton tun wurin kanbatin.

Injiniya_MPEG:

Ga fim ɗin na yarda da kai, ɗan'uwa, Xvid zai yi, har ma ya huta da hanzarta firam, don waɗannan na'urori suna karɓar 23.976 a AVI. Ga na kyamara ne ban yarda ba. Dole ya sauka zuwa firam 25, rabin motsin ya tafi, kuma minti 130 a cikin 2 GB bai fi 1,900 kbps na hoto ba sai in ya raba fayil. Sannan faifan zai zama na wannan na'urar da 'yan uwanta kaɗai. Matsalar haruffa ma ba ta taso a DVD-Video, tun da can rubutun fassara hoto ne ake ɗorawa a kan bidiyo.

Sabon_Edita:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. AVCHD ya yi a Blu-ray. Na DVD ɗin ne da saura: na yi MPG da layin Malam Injiniya, na sa shi a wata manhajar yin menu, na ƙona. A kwamfuta lafiya, a talabijin kuwa duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa gaba da baya. Wajen ƙarshen faifan kuma yana tsallake.

Injiniya_MPEG:

Matsala biyu ce, ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Karkarwar jerin rabin firam ne ya juye. Layin da na ba ka yana fara nuna rabin sama. Manhajar menu ɗin ta sake matse bidiyon ta sa alamar rabin ƙasa ne farko, wanda shi ne tsarin kaset ɗin DV, kuma wasu manhajoji a kansa suke zuwa. Sai na'ura ta riƙa nuna abin da ya faru daga baya kafin na farko, sau 25 a daƙiƙa. Kwamfuta ba ta tona wannan ba saboda manhajar kallo sau da yawa haɗe rabi biyun take yi ta nuna su firam guda. Alamar farko ita ce lokaci: gina VIDEO_TS daga MPG da ya riga ya dace 'yan mintuna ne, in ya ɗauki kusan awa to sake matsewa aka yi. Buɗe VTS_01_1.VOB a MediaInfo ka dubi layin Scan order, ka gwada da na fita.mpg. In sun saɓa, nemi inda ake hana manhajar sake matse fayil, ko ka bar ta ka yi da dvdauthor kai tsaye: sa `VIDEO_FORMAT=PAL`, sai `dvdauthor -o dvd -t -c 0,10:00,20:00 fita.mpg`, sannan `dvdauthor -o dvd -T`. Wannan ba ya taɓa hoton ko kaɗan, kuma `-c` ɗin ne ke yanka babi-babi don rimot ya iya tsallakawa.

Tsallaken ƙarshe kuwa na faifai ne. DVD daga ciki ake rubuta shi zuwa waje, kuma bakin waje nan ne faifai mai araha ya fi rauni, nan ne kuma abin ƙonawa ke kai ƙarshen gudunsa. Sauko zuwa 4x, kunna Verify a ImgBurn, kada kuma ka cika shi maƙil; bar kamar 200 MB. In DVD+R kake amfani da shi kuma abin ƙonawarka ya yarda, mai da Book Type, alamar da ke gaya wa na'ura nau'in faifan, zuwa DVD-ROM, tsofaffin na'urori sun fi karɓarsa a haka. In bayan duk wannan faifan ya yi lafiya a Blu-ray amma tsohuwar tana tsallake a wuri ɗaya, gwada DVD-R na wani kamfanin kafin ka zargi idon na'urar.